Kawu da Yoyon Taraktar Saje

Allah ne ya ara mu, kuma yana karɓar kayansa ɗaya bayan ɗaya. A daminar nan ya karɓi Kawu, yayan mahaifiyata, a ɗakinsa da ke bayan rumfar gyaransa a Rikoto, bayan ciwon ƙafa ya kwantar da shi har ya hau ƙirji. Allah ya jiƙansa. Ni ba malami ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba, gyaran babur nake yi. Na zauna rubuta wannan ne saboda abin da kunnena ya ji a tabarmar makoki. In ban faɗi nawa ba, na mutane ne zai tsaya a kansa.

Jama'a sun zo, ba laifi. Manoma daga wajen Ribah da ya sha gyara musu injin ban ruwa, masu markaɗe, 'yan acaɓa, har wani Bafulatani da ya ajiye sandarsa a bakin ƙofa ya zauna yini guda yana hawaye. Kowa ya miƙo hannu sai ya ce mutumin kirki ne, Allah ya sa ya huta. Wannan da ƙarfi ake faɗa. Akwai kuma wadda ake faɗa ƙasa ƙasa, idan aka ga na juya zan karɓi gaisuwar wani. Mai shayin bakin titi na ji shi da kunnena yana ce wa na kusa da shi, "Tsufa dai ba daɗi, ƙarshe hannu ya fara ɗauke ɗauke." Mai sayar da kayan gyara na layin kasuwa ya amsa masa da cewa, "Allah dai ya rufa asiri." Na san irin wannan addu'ar. Ba a yi wa wanda ba shi da abin ɓoyewa.

Abin ya taso ne tun a wurin jana'iza. Liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba, ko akwai wanda mamaci ya riƙe wa wani haƙƙi, ya faɗa ko ya yafe. Aka yi ta cewa an yafe. Can gefe, bayan sahu, Saje yana tsaye da hularsa a hannu. Tsohon soja ne, Kirista, maƙwabcin Kawu kuma amininsa tun kafin a haife ni. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ni da shi akwai magana, amma ba yau ba." Ya sa hularsa ya tafi. Da ya yi shiru da ya fi. Kafin a dawo daga maƙabarta maganar ta riga mu isowa gida: Kawu ya karɓi sabon sil, robar da ke hana mai zubowa daga inji, a hannun Saje, ya ɓoye, ya mayar wa taraktarsa tsoho.

Kafin in zo kan wannan, bari in faɗi waye Kawu, kuma ba zan yi masa ado don ya mutu ba. Kawu bai yarda da kowa ba. Idan ka kawo masa inji ka fara bayani, sai ya ɗaga hannu.

"Dakata. Kai ke ciwo ko shi?"

Sai ya zagaya injin yana shinshina. Tambayarsa ɗaya ce kullum: "Wa ya taɓa shi kafin ni?" Kowa kuma amsarsa ɗaya ce, ba kowa. Sai ya nuna maka noti da aka cinye wa kai ya ce, "To aljani ne ya kama wanga da filaya? Aljanin garinku bai da sufana?" Yakan ce mai inji ba don mugunta yake ƙarya ba, kunya ce, don ya riga ya kai wa wani ya ɓata.

Baƙin mai ma bai yarda da shi ba. Ko a rufe galan ya zo, sai ya ɗiga a farcensa, ya murza, ya kai hanci. Ya taɓa mayar wa mai kayan gyaran nan galan a gaban mutane, ya ce an sirka shi da tsohon mai. Ko an sirka ko ba a sirka ba, Allah ya sani, ni ban ga bambanci ba. Amma daga ranar gaisuwarsu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Shi ya sa ban yi mamakin jin bakin mutumin a cikin maganar ba.

Kan yoyon mai kuwa, Kawu yana da hanyarsa, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Da fari zai zaro sandar awon mai ya ga ko an cika fiye da ƙima, don mutane na ganin yawan mai gata ne. Sai ya shinshina ya ji ko fetur ya gangaro daga kabureta ya shiga ciki. Daga nan ya wanke injin tas da kananzir, ya bar shi a rana ya bushe, sannan ya barbaɗe shi da tankaɗaɗɗiyar toka har ya yi fari kamar an shafa masa alli. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya tayar, ya jawo kujerarsa ya zauna. Inda tokar ta fara yin baƙi, nan ne.

"Inda ka ga shina ɗiga ba nan ya fito ba," haka yake ce mini. "Mai gangarowa yake. Fara daga sama. Murfin bawul, bakin sandar awo, filta, sannan ka sauka kan notin zubarwa da wosharsa. Sil shi ne na ƙarshe. Kada ka kama na ƙasa da laifin na sama."

Tokar daga murhun Inna take fitowa, matarsa, kuma da rariyar tuwonta yake tankaɗewa. Faɗan da suka yi a kan rariyar nan ya fi a ƙirga.

"Malam, rariyar ga ta tuwo ce ko ta inji?"

"Toka ce fa, ba guba ba."

"To yau tuwonka da ita zan tuƙa, tunda ba guba ba ce."

Ta saya masa tasa rariyar don ta huta. Ya duba ya ce ramukanta sun yi faɗi, mai sayarwa ya cuce ta, ya koma kan tata.

Abin da masu magana ba su sani ba shi ne wanda Kawu ya fi zargi a duniya kansa ne. Wata shekara ya gyara wa wani manomi daga Dirin Daji injin ban ruwa, mutumin ya ɗaure a babur ya tafi. Washegari Kawu yana share rumfa ya tsinci woshar jan ƙarfe a ƙasa. Ya juya ta, ya sake juyawa. Na ce masa tsohuwa ce, wadda ya cire. Ya ce, "Kai ka gani da idonka?" Na ce a'a. Sai ya tayar da babur ya kama hanyar Dirin Daji, hanyar da ko mai ƙuruciya yana jin ta a ƙugu. Ya sami mutumin a fadama, ya kwance notin, ya tarar da sabuwar wosha zaune daram inda ya sa ta. Ya ɗaure ya juyo. Manomin ya bi shi da buhun albasa, ya ƙi karɓa, wai bai san abin da mutumin zai nema a bayan albasar ba. Haka yake. Ko alheri ya yi maka sai ya haɗa da harara.

Shi da Saje kuwa, sai wanda ya gani. Duk Kirsimeti Kawu ne ke yanka akuyar gidan Saje don mu ma mu ci, duk Sallah cinyar ragon Kawu gidan Saje take zuwa. Da yamma suna kan benci ɗaya suna musu, Saje na cewa makanikai duk ɓarayi ne, Kawu na cewa sojan da ya dawo da ƙafafu biyu a bincike shi, wataƙila a kicin ya yi yaƙin.

Taraktar kuwa, ɗan Saje ne ya aiko masa da ita daga kudu, ta gwanjo, 'yar ƙarama ta yankan ciyawa wadda ake hawa a zauna. Saje ne ke kula da harabar cocinsu da filin ƙwallon da ke bayanta, kuma bayansa ya daina ɗaukar lauje. Mutanen unguwa suka sa mata suna jakin Saje. Yana ji da ita kamar amarya. Da damina ta kankama sai ta fara zubar da mai. Ya kawo wa Kawu a wanke fes, ko ƙura babu. Kawu ya yi aikin tokarsa, ya ga sil na ƙasa ya ɗan jiƙe, ya ce a sayo sabo. Saje ya sayo da kansa ya miƙa masa. Kawu ya sa, ya bar injin yana aiki a rumfa har tanki ya kusa ƙarewa, kwali a bushe. Saje ya hau ya tafi.

Ba a jima ba ya dawo, wai mai ya ɓata masa dandamalin coci. Kawu ya sake wankewa, ya sake toka, ya sake zama. Babu ko ɗigo. A lokacin ƙafar ta riga ta kumbura, daga ɗaki zuwa kujera ma da sanda yake zuwa. Ina wurin ranar da Saje ya dawo karo na gaba, har matafiya suka tsaya kallo.

"A wurina ba ta yoyo, Saje. Wani na taɓa ta a gidanka."

"Wa zai taɓa? Makulli yana wuyana, ko matata ba ta shiga shagon da nake ajiye ta."

"To kai ne."

"Ni? Ni da na riƙe bindigar gwamnati shekara da shekaru ko tsatsa ba ta yi ba? Ka faɗi gaskiya, Malam. Ina sil ɗin da na ba ka?"

Kawu ya dube shi. "Mi ka ce?"

"Na ce ina sabon sil ɗina. Ko tsohon ka wanke ka mayar?"

Kawu ya ce a fitar masa da tarakta daga rumfa. Bai sake zama a bencin yamma ba, kuma bai sake tashi daga jinyar ba. Ina ba shi kunu wata safiya ya ce da ni, "Da ƙafar ga za ta kai ni, da na je na gan ta inda take kwana." Iyakar abin da ya ce kenan a kan maganar.

Bayan sadakar uku na kasa zama. Zan faɗi gaskiya, ni kaina ban natsu ba. Ban taɓa zaton Kawu zai ɓoye kayan wani ba, amma idonsa ya yi rauni, kuma sil tsoho da sabo a kan tebur ɗaya suna iya rikita mai lafiya ma. In na buɗe na tarar da tsoho, me zan ce wa Inna? Duk da haka na ɗebi toka a leda, na ɗauki kananzir da sufanu, na tafi gidan Saje da sassafe ban aika masa ba. Da gangan na ƙi aikawa.

Na same shi yana turo taraktar daga shago.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya. Ya haƙuri?" Ya dubi jakar kayan aikina. "Ka zo ka gyara abin da kawunka ya yi kafin mutane su gani?"

"Na zo in gani, Baba. Kai ma ka tsaya ka gani. Kada ka matsa ko nan da can."

"Ai ko ba ka ce ba. Kuma duk abin da ka cire a hannuna za ka sa."

Ya kawo kujera ya zauna dab da ni, yana bin hannuna da ido kamar mai gadin fursuna. Ni ma ina lura da nasa. Na duba awon mai, daidai. Na shinshina, ba fetur. Na wanke, na jira ya bushe, na barbaɗa toka. Na ce ya hau ya yanka ciyawar bayan gida yadda ya saba. Ya je ya dawo, ya sake zagayawa, na ɗaga masa hannu.

Tokar ta yi baƙi a gefen murfin bawul. Ta yi baƙi a bakin sandar awo, sandar ma ta ɗan ɗago daga mazauninta ba wanda ya taɓa. Ta yi baƙi a ƙasa wajen sil. Saje ya nuna ƙasan da yatsa.

"Ka gani? Sil!"

Na sake bin wuraren uku da ido. Kawu ya sha gaya mini cewa yoyo a wuri ɗaya abu ɗaya ne ya mutu, amma in inji ya zubo ta ko'ina lokaci guda, shaƙe shi aka yi. Kowane inji yana da ɗan tiyo da iskar cikinsa ke fita ta nan, Kawu yana ce masa hancin inji. In ya toshe, iskar ta rasa hanya, sai ta tura mai ta duk inda ta sami laushi. Na wannan taraktar a sake yake, yana reto a bayan gidan filta tun daga inda aka sayo ta. Na zura hannu na laluba na kamo bakinsa. A toshe yake tam. Na sa filaya na jawo, sai ga tsumma koriya an murɗe ta an danna da tsinke, guntun tsohuwar singiletin soja.

Na ɗora masa a tafin hannu, tunda haka muka yi da shi.

"Wa ya sa wanga, Baba?"

"Ni. Saboda zanzaro." Ya faɗa ba ko shakka. "Ya taɓa gina mini laka a salansa, bututun hayaƙi. Duk rami a buɗe ina toshewa, haka aka koya mana da bakin bindiga. Ta salansa ina cirewa da safe don hayaƙi. Wannan ba abin da ke fita ta nan."

"In za ka kai wa Kawu fa?"

"Ina cire duka in wanke ta. Wa ke zuwa fareti da tsumma a jiki?"

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Ban taimake shi ba. Na kwanta a ƙasa na kwance ƙasan injin, har yanzu ban san abin da zan tarar ba. Na ciro sil ɗin. Sabo ne, robarsa da laushi, leɓensa ne kawai ya turo waje saboda matsi. Na goge shi a rigata na ɗora masa kusa da tsummar.

Ya juya sil ɗin a tafinsa. Can ya ce, "Ya ce ni ne. A gaban mutane ya ce ni ne."

"Ya ce."

Na tattara kayana. Bai ce in gyara ba, ni ma ban ce zan gyara ba.

Ranar addu'ar bakwai ya zo cikin tsohuwar kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ya jira aka shafa, sannan ya tsaya a gaban Liman ya ce maganar da ya ce akwai tsakaninsa da mamaci babu ita, ya yafe masa duniya da lahira. Mutane suka fara cewa madalla. Sai muryar Inna ta fito daga bayan labulen zaure, ita da tunda aka yi rasuwar ba a ji ta ɗaga murya ba.

"Saje, mi ka yafe?"

Saje ya juya wajen labulen.

"Mi ya yi maka da za ka yafe? Shi ke da abin yafewa, ga shi kuma an rufe shi. Ka ce mashi ɓarawo ya kwanta da ita, da ita ya tafi."

Liman ya ce, "Inna, a yi haƙuri, mutum ya zo da kansa."

"Na yi haƙuri, Malam. Amma ba nan ya faɗa ba. A bakin titi ya faɗa, a layin kasuwa ya faɗa. Nan duk namu ne, mun san wa muka rasa. Ya je can inda ya zuba ya kwashe."

Saje ya juyo wurina, wai ko ni zan yafe a madadin Kawu tunda ni ne babba a gidan. Na ce masa ban san yadda ake yafe abin wani ba. Ya gyaɗa kai, ya sa hularsa ya fita.

Na ba shi rata kaɗan na bi bayansa a kan babur, don ban yarda zai je ba. Na tsaya a tsallaken titi inda ba zai gan ni ba. Ya wuce teburin mai shayi ya kira shi da hannu, ya sa shi ya biyo shi har ƙofar shagon mai kayan gyara, lokacin layin ya cika da masu saye. Ya tsaya ƙiƙam, ya haɗa dugadugai, ya fito da sil ɗin daga aljihu ya ɗaga sama. Da muryar da yake ba kurata umarni ya ce sabo ne, Malam ya sa masa sabo, shi ne ya toshe injinsa da hannunsa, kuma ya yi wa mamaci ƙazafi. Mai kayan gyara ya fara cewa ai su dama ba su taɓa yarda ba. Saje ya ce, "Rufe bakinka, kai ka fi kowa yaɗawa." Ya matsa shago na gaba ya sake faɗa daga farko. Ina nan tsaye har ya kai ƙarshen layin, bai tsallake ko mai faci ba.

Na koma gida na tsaya a bakin zaure na gaya wa Inna. Ta ce, "Kai ka ji da kunnenka, ko gaya maka anka yi?" Na ce da kunnena. Sai a lokacin ta yi kukan mijinta.

Allah ka haskaka kabarin Kawu, ka yafe masa zafin bakinsa da zargin da ya yi wa waɗanda ba su ci ba. Kayan mutane kam bai tafi da ko noti ba, na duba.